Jarumi ya haifi jaruma amma masu sharhi sun yi gum: wa ya taɓa cin karo da wannan?

Maman Ilham, Gwammaja

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in ji daga bakin waɗanda abin ya taɓa samu. Kun taɓa zama kallon fim ɗin soyayya wanda kowa ke yabo, masu sharhi suna ta zuba masa kirari, amma ku abu ɗaya ya tsaya muku a rai, wato jarumin a haife ya haifi jarumar?

Ni da hutun Sallah abin ya same ni. Muna kallon wani fim mai dogon zango da 'yata, ba zan kama suna ba. An nuna jarumin a matsayin ɗalibin jami'a, da jaka a kafaɗa, alhali tun ina budurwa nake ganin fuskarsa a kaset. Yarinyar da yake bi kuwa ko ashirin ba na jin ta cika. Da ya tsaya a ƙofar gidansu yana mata kalaman so, sai 'yata ta juyo ta ce, "Mama, ba ƙanin babanta ba ne?" Daga baya na karanta sharhin fim ɗin a Facebook. An yabi hoto, an yabi sauti, an yabi tsarin zance, amma ko kalma ɗaya ba a ce a kan wannan ba. Shi ya sa nake tambaya, ni kaɗai ce abin ke damu?

Baba na Fagge

Wa alaikumus salam 'yata. Wannan abu ya girme ki. Mu da muka yi kallo a gidajen silima na Plaza da Orion a shekarun 1970, haka muka tarar da shi a finafinan Indiya, kuma daga can 'yan fim ɗinmu suka gaje shi tare da rawa da waƙa. Sai dai a lokacin ba ma lissafin shekarun kowa. Abin da ke kai mu silima shi ne dambe da waƙa. In Dharmendra ya fito, wanda muke kira Sarkin Ƙarfi, ihu ne ke tashi, ba mai tambayar shekarar da aka haifi matar da ke gefensa.

Sai da na manyanta na san wasu abubuwa. A fim ɗin Mother India na 1957, wanda babu irin kallon da ba a yi masa ba a Kano, Nargis ta fito uwar Sunil Dutt, alhali dukkansu haihuwar 1929 ne, kuma a 1958 suka yi aure. Ita ma Rakhee ta fito masoyiyar Amitabh Bachchan a wasu finafinai, sai ga ta a 1982 ta fito mahaifiyarsa, ga shi ya ba ta shekara biyar. Namiji yana nan saurayi, mace ta koma uwa. Mun kalla mun tafa, ba mu ga komai ba.

Uwar Biyu, Zariya

Maman Ilham, bari in ba ki nawa, domin ni a cikin irin wannan auren nake. Maigidana ya ba ni kusan shekara ashirin, kuma ban taɓa nadama ba. Saboda haka tazarar ita kanta ba ta tayar min da hankali a fim. Abin da ke ɓata min rai shi ne ƙaryar da ake yi a kanta.

Lokacin da yake zuwa zance gidanmu, a zaure yake zama, ni ina daga bakin ƙofa kaina a ƙasa. Ban taɓa kiran sunansa ba har yau. Babbar 'yarsa aji ɗaya ta fi ni a makarantar sakandare, kuma shekarar farko mun sha wahalar sanin yadda za mu kira juna, ita ba ta iya ce min Anti, ni kuma ba na iya aikenta. In abokansa suka zo, hirarsu ta zamanin Shagari ce, ni ko haihuwata ba a yi ba. Yanzu ciwon suga ya kama shi, ni ke auna masa abinci, ni ke tuna masa magani, kuma akwai daren da nake kwana ina tunanin yarana ƙanana ne, shi kuwa ƙarfi na raguwa. Akwai kuma daɗin da ba a faɗa: haƙuri, rashin saurin fushi, da yadda ya tsaya sai da na gama karatun koyarwa.

To duk wannan labari ne mai nauyi, amma wane fim ya taɓa nuna shi? Sai dai a ɗauko dattijo a sa masa ƙananan kaya, a kai shi lambu yana zagaye bishiya da yarinya, a ce mana sa'anni ne. In za a haɗa babba da yarinya, a bar shi babba, a bar ta yarinya, a nuna mana yadda zaman yake. Wallahi da zan fi kowa kallo.

Malam Mai Alƙalami

Tunda an taɓo masu sharhi, bari in yi magana, don ina cikin masu ɗan rubuta sharhin fim a Facebook. Hajiya Maman Ilham, muna gani, ba makafi ba ne. Amma akwai dalilan da ke sa mu kau da kai.

Kannywood ƙaramar duniya ce. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 zuwa yau, kusan kowa ya san kowa, kuma mai sharhi yana buƙatar a gayyace shi kallon farko, a ba shi hira. Na taɓa rubuta cewa wani jarumi ya wuce matsayin saurayi, ya kamata a fara ba shi matsayin uba. Kafin gari ya waye masoyansa sun cika min akwati da zagi, har iyayena ba su tsira ba, wani mai shirya fim kuma ya daina amsa gaisuwata. Ba kowa ke iya jure wannan ba a kan aikin da ba a biyan sa ko sisi.

Sannan akwai kasuwa. Furodusa ya zuba kuɗinsa, yana son fuskar da za ta ja masu kallo a YouTube ko ta sa tashar talabijin ta saya. Jarumai maza sukan daɗe ana yayinsu, shekara ashirin ko fiye. Mata kuwa da yawa da sun yi aure sai su bar harkar, a kawo sababbi. Saboda haka namijin yana ƙara shekaru, matan da ake haɗa shi da su kullum sababbin jini ne. Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, abin da ta fi sa wa ido shi ne sutura da rawa da taɓa jiki, wannan ba ya cikin abin da ake tsayar da fim a kansa. Ban ce shirun da muke yi daidai ne ba, amma ga inda ya samo asali.

Ɗan Damagaram

Ni fassarar Hausa ta finafinan Indiya na tashi da ita, a shagon mai cajin waya ake tura mana. Kuma na lura ba duka tazara ce ke damuna ba. Fim ɗin Shah Rukh Khan na 2008 da Anushka Sharma, shi haihuwar 1965, ita 1988, shekara 23 ke nan. Amma ban ji wani abu ba, saboda labarin da kansa bai ɓoye ba: tsohon ɗalibin mahaifinta ne, uban ya aura masa ita yana kan gadon mutuwa, ita kuma ta faɗa masa ƙarara ba za ta iya son sa ba. Fim ɗin gaba ɗaya a kan wannan nisan da ke tsakaninsu aka gina shi. Abin da Anti Uwar Biyu ke nema ke nan.

Amma wanda Salman Khan ya yi a 2025 da Rashmika Mandanna, tazarar ta haura shekara 30, ban iya ƙarasa shi ba. A can masu sharhinsu sun yi ta magana a kai a fili. Abokaina a majalisa kuwa sun so shi, suka ce ni ne mai tsirfa.

Hajiya Ta Sabon Titi

Ni kam ku yi haƙuri, na fi son jarumi mai shekaru. Yaran nan sababbi ba su da kamala, magana ma a guje suke yin ta. In babba ya yi kalma ɗaya sai ka ji ta zauna. Sharhi kuwa ban taɓa karantawa kafin kallo ba, ƙanwata ce ke gaya min wanda ya yi daɗi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mai Kwalliya

Na yi aikin kwalliya a wajen ɗaukar fim na ɗan lokaci, kafin in koma yi wa amare. Abin da Baba ya faɗa game da Indiya na gan shi da idona a nan gida.

Wata safiya aka zaunar min da mutum biyu. Na farko jarumin, aka ce in bi gemunsa da gefen kansa da baƙi kada furfura ɗaya ta fito, in cike masa ƙasan ido da hoda. Yana tashi aka zaunar da wata baiwar Allah da ba ta kai arba'in ba, fatarta sumul. Darakta ya ce in ja mata layi biyu a gefen baki, in ɗan shafa fari a gashin goshinta da zai leƙo daga ɗankwali, a ba ta tabarau da carbi. Ita ce za ta fito mahaifiyarsa. Tana kallon madubi ta ce min a hankali, "Kin san ya girme ni?" Ta yi murmushi, amma idonta ya kawo ruwa, sai da na jira ta goge kafin in ci gaba. Ta ce min 'yan shekarun baya ita ake ba matsayin budurwarsa, daga ta yi aure ta fito ta dawo, sai aka ce uwa ko kishiya kaɗai ya rage mata, kuɗin ma ba ɗaya ba.

Tun daga ranar, in na ga an haɗa babba da yarinya a fim, ba yarinyar nake fara tunawa ba. Matar da aka ture gefe nake tunawa, wadda ta iya aikin, ta san yadda ake kuka da dariya a gaban kyamara, amma an yanke cewa ta tsufa da a so ta.

Abu Sadiq, Jos

Ni ta ɗaya ɓangaren abin ya shafe ni. Matata ta girme ni da shekara shida, bazawara ce na aure ta, kuma sai da aka kai ruwa rana da dangina kafin su yarda. Duk fim ɗin da na gani an haɗa saurayi da macen da ta girme shi, ɗayan biyu ne: ko dai don kuɗinta yake bin ta, ko kuma abin dariya aka mai da ita. Mun taɓa zama kallon wani a falo da baƙi, aka zo wajen da ake yi wa irin wannan mata shaƙiyanci, kowa na dariya, ita kuwa ta tashi ta shige ɗaki kamar za ta ɗauko wani abu. Ba ta dawo ba sai da aka gama.

Abin mamaki, mu ne muke karanta wa yara cewa Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, ta girmi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda ya shahara a littattafan sira. Amma marubutanmu sun kasa rubuta labari ɗaya da za a mutunta irin wannan aure. Wancan fim ɗin ma na ga an yabe shi a sharhi, an ce ya iya barkwanci.

Maman Ilham, Gwammaja

Na gode ƙwarai, ban zaci za a samu masu magana haka ba. Malam Mai Alƙalami, na ji uzurinka, kuma zagin iyaye ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba sai ka kama sunan jarumi ka ce ya tsufa ba. Kana iya cewa matsayin da aka ba shi bai dace da shi ba, laifin na mai rabon matsayi ne. Mu iyaye muna karanta ku kafin mu bar yara su kalla.

Malam Mai Alƙalami

Haka ne Hajiya. Akwai wani sabon mai dogon zango da nake bi yanzu, zan gwada faɗa ta wannan hanyar in an kammala zangon farko. 'Yar'uwa Mai Kwalliya, in kin amince ina so in kawo labarin nan naki a ciki, ba tare da sunan kowa ko na fim ɗin ba. Ki turo min saƙo ta akwati in babu damuwa.