Raba ruwan teku da gishiri ta hanyar tururi

Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Malamai, tun da tafasa ruwan teku ya isa ya raba shi da gishiri, me ya sa injiniyoyi ke gina masana'antu masu ɗakuna bila adadin maimakon babbar tukunya guda?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Matsalar makamashi ce, domin mayar da kilo 1 na ruwa tururi yana cin kusan kilojul 2,260, kuma tukunya guda asarar wannan zafin take yi. A dabarar da injiniya Robert Silver ya yi wa rajista a 1957, ana dumama ruwan zuwa kimanin digiri 110 na ma'aunin Celsius, sannan a bi da shi ta jerin ɗakunan da matsin iska ke raguwa a cikinsu, sai wani kasonsa ya tafasa nan take a kowane ɗaki, domin idan matsi ya ragu ruwa ba ya buƙatar zafi mai yawa kafin ya tafasa. Yayin da tururin ke komawa ruwa a jikin bututu, shi ne kuma ke dumama ruwan tekun da ke shigowa.

Malama:
Akwai kuma tsarin da ke aiki da hasken rana, irin wanda aka gina a ƙasar Chile a 1872: ruwa a kwano mai baƙin gindi, gilashi a karkace a samansa, raɓa na gangarowa cikin magudana. Sai dai murabba'in mita guda ba ya wuce 'yan litoci a yini.

Injiniya:
Haka ne, Malama. Ƙaramin gida zai iya dogara da shi, amma birni kam sai masana'anta, ita ma tana fama da ɓawon ma'adinai da ke toshe bututu idan zafi ya yi yawa.