rsync ko Déjà Dup: wanne zan bar wa yarinyar shago?

MaiFotokofi:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da ɗan shagon buga takardu a unguwar Zariya, nan Maradi, kuma yawancin masu zo mini ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ne da memuwar ɗinsu. Da Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 a Oktoban 2025, tsofaffin kwamfutocina kuma ba su ɗaukar 11, sai ɗan yayana ya sa mini Linux Mint. Ba ni da ƙorafi, har firinta ta kama ba gardama.

Inda gizo ke saƙar shi ne ajiyar kwafin aiki. Yaron ya rubuta layi guda na rsync, wato umarnin kwafar fayiloli zuwa diskin ajiya, a takarda ya manna a bango, wai kullum kafin a rufe shago a buɗe baƙin allon nan a buga. Ni ina yi. Amma yarinyar da ke mini aiki ta rantse ba ta taɓa shi, kar wani abu ya ɓaci a ce ita ce. Ga ni da yawan zuwa Tasawa. Na kira yaron a Yamai, wai manhajojin ajiyar kwafi na danne-danne irin su Déjà Dup na ragwaye ne. To ni ba jarumta nake nema ba, aikin mutane nake son ya tsira. Me za ku ce?

TsohonTeknisiye:
Wa alaikumus salam Malam. rsync ba abin rainawa ba ne, tun 1996 ake aiki da shi, kuma abin da ya canza kaɗai yake kwashewa, shi ya sa yake da sauri. Amma ba ya tambayarka "ka tabbata?". Duba takardar nan: in akwai --delete, to duk abin da aka goge a kwamfuta za a goge shi a diskin ajiya ma. In kuma aka juya sunayen wuraren biyu, tsohon kwafi ne zai danne sabo. Ko karkataccen layin nan na / a ƙarshen sunan dosiye yana canza inda kaya za su sauka. Ka riƙa ƙara -n tukuna, zai nuna abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. Buga shi da hannu kullum kuwa ganganci ne. A zuba layin cikin ɗan fayil, a yi masa alama a fuskar kwamfuta, ta danna sau biyu, shi ke nan.

MalamaInfo:
Ni dai ina bayan yarinyar, tsoronta hankali ne. Kuma Baba Teknisiye, ko an yi alamar, matsala guda na nan: ɗalibi ya zo ya ce babi na uku na makon jiya yake so, alhali an riga an rubuta wani a kansa. Layin bangon nan kwafin jiya kawai ya sani. Déjà Dup yana ajiye tsofaffin kwafi, ka zaɓi ranar da kake so ka dawo da ita, yana kuma yi da kansa in an sa masa lokaci. Aibinsa biyu: yana ƙunshe fayilolin ta yadda ba za ka soka diskin a wata kwamfuta ka buɗe su kai tsaye ba, kuma in ka sa kalmar sirri ka manta, sai haƙuri. Kar ku dogara da Timeshift da ke zuwa da Mint, tsarin kwamfutar yake karewa, takardunku ba ruwansa da su sai an saita shi.

ɗan_bagalam:
Ko wanne ka ɗauka, a cire diskin daga jiki bayan an gama. Wuta in ta dawo da ƙarfi ba ta san rsync ba. Kuma in tsarin diskin FAT32 ne, fayil da ya wuce giga 4 ba ya shiga.

MaiFotokofi:
Na gode ƙwarai. Na duba bango, --delete ɗin na nan daram. Malama, zan sa mata Déjà Dup gobe in Allah ya kai mu, ta goge wata takarda da gangan ta dawo da ita a gabana. Baba, shi ɗan fayil ɗin, in na cire --delete zan iya barinsa don diski na biyu da nake kaiwa gida ran Juma'a?