Shawarwarin ma'aikatan talabijin kan watsa shiri kai tsaye

Da masu ɗaukar hoto da injiniyoyi suka tattauna kan sababbin kayan aiki, maganar ta fi tsayawa kan intanet. Yawancinsu sun ce ƙaramar tasha ba ta buƙatar motar watsa shiri mai tsada don hawan sallah ko tafsiri. Jakar na'urar watsa shiri ta kamfanin LiveU ko TVU tana haɗa layukan waya da yawa wuri guda, in ɗaya ya yanke sauran su riƙe hoton. Sai dai an ja kunne: ranar taro kowa na kan wayarsa, sabis yakan cushe. Shi ya sa aka ce a haɗa layukan kamfanoni daban-daban, mai hali kuma ya ƙara da Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023.

Wajen tura hoto sun fifita SRT, wani tsarin aika bidiyo ta intanet, domin yana sake aiko abin da ya ɓace a hanya. Manhajar OBS ta watsa bidiyo kai tsaye daga kwamfuta kyauta ce, ta isa mafari.

Batun sayen kayan 4K kuwa, wato masu ba da hoton da ya fi na HD fitowa sarai, kusan kowa ya ce a dakata, ni ma haka na gani. Kuɗin ya fi amfani a makirufo mai kyau da batirin ko-ta-kwana.