Lambar Kaka Soja ta tayar da ƙura a zauren dangi

Sani: Assalamu alaikum dangi. Ni dai raina a ɓace yake. Tun bara nake bin tarihin Kaka Soja, kakan kakanmu, amma duk wanda na tambaya sai ya ce "Allah ya jiƙan magabata" ya ja bakinsa ya tsuke. Ga abin da na haɗa. A 1863 wani Bature mai suna John Glover ya tara 'yan Arewa a Legas ya ba su horon soja, ake ce musu Hausawan Glover, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu. Da irinsu aka je yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 a ƙasar Ghana ta yau, wanda Wolseley, kwamandan sojan Ingila, ya ƙone Kumasi a watan Fabrairun 1874. Lambar nan da ke cikin adakar Baffa, mai kan Sarauniya Biktoriya, da COOMASSIE a rubuce a ɗan ƙarfen da ke samanta, ta wannan yaƙin ce. Roƙona ɗaya, a bar ni in ɗauki hotonta gaba da baya da gefe, in aika wa mai duba mana kundin masu lambobi a ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan. Baffa ya hana. Laifin me na yi?

Gwaggo Hajjo: Sani, wa kake kira bawa? Kakan namu?

Sani: Gwaggo, Allah ya huci zuciyarki, ban ce shi ba. Na ce da yawansu.

Gwaggo Hajjo: Ka faɗa ka gama. Ni a bakin Inna na ji, ita kuma a bakin wadda ta yi masa wanka yana tsoho. Falke ne, ɗan halal, da jakunansa yake zuwa Gwanja sayen goro. A Salaga, babbar kasuwar Gwanja, aka kwashe masa dukiya, ya rasa na komawa gida, ya shiga soja. Ina bauta a nan?

Kawu Isa: Yaya Hajjo, ki yi haƙuri, amma Salagar da kika ambata ai ba goro kaɗai ake sayarwa a kasuwarta ba, har da mutane. Wanda aka kwashe wa jakuna a hanya, sau da yawa da shi ake haɗawa. Kuma ba abin kunya ba ne. Malamai nawa aka kama a wancan zamanin?

Gwaggo Hajjo: Isa, kai ne ƙarshen wanda zai yi maganar asali a gidan nan.

Kawu Isa: Me kike nufi? Ki fito fili.

Binta: Gwaggo, don Allah. Kullum sai an goranta wa 'yan ɗakinmu cewa kakarmu kwarkwara ce. Ɗan kwarkwara ɗa ne a shari'a, gadonsa daidai da na kowa. Sarakuna nawa ne 'ya'yan kwarkwara?

Yaya Habu: Binta, ba a sa baki in manya na magana.

Binta: Yaya, amma da aka taɓa Kawu ba ka ce komai ba.

Musa: Ni abin da ya dame ni daban ne. Bawa ko ɗa, wa ya yi wa yaƙin? Nasara. Wannan rundunar ce ta rikiɗe, aka zo aka kafa rundunar Gwamna Lugga a 1897, ita kuma ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Wace lamba za mu yi alfahari da ita?

Sani: Musa, 1874 ina, 1903 ina? Mutumin ya tsufa kafin nan. Kuma Tonawa, wato mutanen Asante, ya yaƙa, ba Sarkin Musulmi ba. Ni ba alfahari nake nema ba, sunansa nake nema a rubuce. Wahalar ma ita ce magatakardan Turawa sukan rubuta mutum da sunan yanka da na garinsu kawai, yadda kunnensu ya ji, sai ka tarar da masu suna ɗaya rututu. Shi ya sa nake son ganin ko akwai wani rubutu a gefen lambar.

Musa: To ka ga, ko sunansa ba su iya rubutawa ba.

Kawu Isa: A koma kan adakar ma. Wa ya ba Baffa ita? Ranar rabon gado ba a fito da ita ba. Akwai laya da ɗamarar fata a ciki, na gani da idona ina yaro, fatar duk ta tsattsage.

Gwaggo Hajjo: Ashe inda aka dosa ke nan. Gado ake nema, aka fake da tarihi.

Sani: Wallahi Gwaggo ko taɓa ta ba zan yi ba. Baffa ya riƙe a hannunsa in ɗauka.

Binta: Ba za a amsa maka ba, Sani. Da ɗan ɗakinsu ne ya tambaya da tuni an buɗe.

Yaya Habu: Ya isa haka. Ga abin da aka tsayar. Kaka Soja falke ne, ɗa ne, kamar yadda Gwaggo ta kawo daga bakin manya, kuma babu wanda ya zo da hujjar da ta karya wannan. Sani ya janye kalmar da ya yi amfani da ita ya ba Gwaggo haƙuri. Binta ta kira ni anjima. Adaka tana hannun Baffa bisa amana, maganar hoto sai lokacin da ya ga dama. Na rufe zauren sai bayan sallar isha'i.