Don Allah a ba ni shawara: in ci gaba da WebSocket ko in koma Firebase?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kaina ya ɗaure. Wata uku ke nan ina gina wa wani kamfani manhajar hira. Ni da abokina muka fara, shi ne ma ya zaɓi WebSocket (layin da ke zama a buɗe tsakanin manhaja da sabar, saƙo na kai da komo nan take) da Node.js (abin da ake gudanar da manhajar sabar da shi), sai ya samu wani aiki ya bar min kayan, ko bayanin abin da ya rubuta bai bari ba, yanzu ko wayata ba ya ɗauka. A kwamfutata komai lafiya lau. Da na ɗora a sabar, mutum ya yi shiru na minti ɗaya sai layin ya yanke, saƙo ya ɓace. Ga shi mai aikin yana son a ƙara kiran murya, saura mako biyu.

Wata mamba: Wa alaikumus salam. Nginx ne a gaban sabar, wato manhajar da ke karɓar masu shigowa ta miƙa su ga sabar? Shi daƙiƙa 60 yake jira tun asali, in bai ga motsi ba ya yanke. Riƙa aika ping, wato ɗan saƙon da ke nuna layin na raye. Socket.IO, kayan aikin da ke sauƙaƙa amfani da WebSocket, duk daƙiƙa 25 yake yi. Mutum nawa za su hau manhajar?

Tsohon hannu: Ƙanina, daina wahalar da kanka, koma Firebase yau, wato tsarin Google da ke adana saƙonni ya isar maka da su. In intanet ta ɗauke, shi zai sake haɗawa ya tura saƙon da ya maƙale. Amma murya ba aikinsa ba ce, wannan sai WebRTC, fasahar kiran murya da bidiyo ta intanet. Kuma kar a ruɗe ka da cewa waya da waya ke magana kai tsaye. Sai ka kafa sabar TURN, mai miƙa murya tsakanin wayoyin in sun kasa haɗuwa kai tsaye, irin coturn, in ba haka ba wasu za su kira su ji shiru.

Wani mamba: Firebase ɗin da rumbun bayanansa na Realtime Database a tsarin kyauta mutum 100 kawai ke ɗauka lokaci guda? Ni na gani a jikina. Na gina komai a kansa, muka koma tsarin biya, da mai aikin ya ga kuɗin wata ni ya ɗora wa laifi, har yau bai cika min haƙƙina ba.

Tsohon hannu: Tsarin bayananka ne bai yi ba, Malam.

Mai tambaya: Na gode, amma gaskiya ba zan iya zubar da aikin wata uku ba. Abokina ya san abin da yake yi. Ba za a iya tura muryar ta WebSocket ɗin ba?

Tsohon hannu: Za a iya, amma a kan TCP yake, tsarin da ke isar da guntayen bayanai bi da bi, guntu ɗaya ya ɓata sai sauran su tsaya jiransa, murya ta riƙa sarƙewa.

Wata mamba: Har yanzu ba ka ce ko Nginx ne ba.