Neman kalma: me za mu kira "livability" da Hausa?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Kalmar "livability" ta fara yawa a bakin masana tsara birane, musamman in ana zancen unguwannin da suka kewaye Jami'ar Bayero. Manufarta dai ita ce a auna ko mutum zai iya zama a wuri ba tare da wurin ya gallabe shi ba: ruwa, hanya, kwata, shara, haske da dare, kuɗin haya, tsaro. Shawarwari kan fassararta sun shigo da dama, kuma ni dai na tsaya a kan ZAUNUWA.

Waɗanda suka kawo "ingancin rayuwa" sun kusa, amma ta yi faɗi. Ta haɗa da albashin mutum da lafiyar jikinsa da abin da ya ci. Attajiri zai iya samun ingancin rayuwa a cikin katangarsa, ga rijiyar burtsatse ga sola, alhali lungun ƙofar gidansa ya zama kududdufi. Mu kuwa lungun muke son aunawa. "Walwala" ta riga ta tafi ga jin daɗin ma'aikata da na ɗalibai. "Zaman lafiya" kowa ya san inda ta dosa.

"Jin daɗin zama" ce ta fi ba ni wahalar ajiyewa, don Hausa ce tsantsa. Sai dai jin daɗi na mutum ne, ba na wuri ba, kuma yana sa a ɗauki abin kamar ƙari ne ko alfarma. Kwatar da ruwa zai bi ba alfarma ba ce. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gyaran tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya da kwashe shara da ban-ɗakunan jama'a, har da sa wa tituna suna da lambar gidaje.

Zaunuwa kuma ba ƙirƙirarta na yi ba. Hausa tana da wannan ƙirar tun fil azal: tuwo ba ya ciwuwa, ruwa ba ya shawuwa, hanya ba ta biyuwa, aiki ba ya yiwuwa. Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya ya ji an ce "ai gidan nan ba ya zaunuwa". Abin da Turanci yake yi da ɗan wutsiyar da ke ƙarshen kalmar, mu da wannan "uwa" muke yin sa.

A gwada ta a ƙasa. Kabuga da Dorayi, maƙwabtan tsohuwar jami'a (tsohon mazaunin Jami'ar Bayero a Kano), suna ƙaramar hukumar Gwale. Danbare tana Kumbotso, Rijiyar Zaki tana Ungogo, duk a gefen sabuwar jami'a ta titin Gwarzo. Ɗakunan kwanan makaranta ba su isa ba, don haka ɗalibai suka bazu cikin unguwanni, masu gidaje suka yayyanka ɗakuna, haya ta hau. A watan Agusta sai ka ga ɗaliba ta taso daga lacca bayan magariba, mai Adaidaita Sahu ya sauke ta a bakin kwalta ya ce ba zai shiga ba. Ta tattare hijabi tana taka bulullukan da aka jera cikin ruwa, ledojin fiya wata sun toshe kwata, ga duhu, kuma ba ta isa ta kunna fitilar waya ba don tsoron masu ƙwace. Da safe a jira mai kura ya kawo jarka kafin a yi wanka. Wannan unguwa akwai gidaje, akwai mutane, amma ba ta zaunuwa.

Abin da ya ƙara sa na riƙe kalmar shi ne wa take bai wa baki. In an ce "ayyukan raya ƙasa", ciyaman ne zai lissafa kwalbati nawa ya yi, sola nawa ya kafa. Ayyukan suna da amfani, kuma duk inda aka yashe kwata kafin damina ko aka haska lungu mazauna suna gani. To amma in an ce zaunuwa, mazaunin ne alƙali, shi zai ce ta zaunu ko ba ta zaunu ba. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, mai unguwa da kansila suna bukatar kalmar da za su shiga ofis da ita.

Wani malami ya yi gyara cewa ana cewa "ƙasa ta ƙi zaunuwa" a lokacin rikici. Gaskiya ne, Malam, amma ban ga karo a nan ba, tunda tsaro yana cikin abin da ake aunawa.

Ga masu fassarar labarai: a ce "zaunuwar unguwa", "inganta zaunuwar unguwannin jami'a", "unguwa mai zaunuwa". Don Allah kada a ce "zaunanniyar unguwa", wannan ta tafi wajen zaunannen kwamiti.