Me za mu kira akafela da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Samarin unguwarmu a nan Gadarif ta Sudan sun kafa ƙungiyar waƙa, ba ganga ba garaya. Wani ya ɗauki siririyar murya, wani kakkaura, sauran su riƙe amshi. Da za su ɗora a Facebook sai suka rubuta "akafela". Kalmar ta Italiyanci ce, tana nufin rerawa irin ta ɗakin ibadar Kirista, amma yau ta fita daga coci. Da ita ake kwatanta waƙar Zulu ta ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo, wadda Joseph Shabalala ya kafa a Afirka ta Kudu. Abin da ya dame ni shi ne yaranmu su ari suna don abin da kakanninsu suka daɗe suna yi. Ku kawo shawara.

Amsa daga Kassala: Malam, ai nashida ce, kowa ya san ta.

Ƙanena, nashida tana nuna abin da waƙar ta ƙunsa ne, wato addini da wa'azi, ba yadda ake rera ta ba. Kuma nashidu da yawa har da duffi, wato bandiri, ake yi, kamar yadda masu madihu a nan Sudan ke buga irin nasu da ake kira ɗar. Idan yaran suka rera waƙar girbin dawa, ba wanda zai ce sun yi nashida.

Amsa daga Kano: To a ce waƙar baka.

Wannan tana da mai ita. A makarantu waƙar baka ita ce kishiyar rubutacciyar waƙa, kuma a ƙarƙashinta ake karanta Mamman Shata da kalangunsa da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa. In muka ɗora mata wata ma'ana za mu rikita ɗalibai.

Amsa daga Maiurno: Ɗana, tun da iyayenmu suka iso gaɓar Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, da Ishiriniya suka zo a bakinsu. Daren Maulidi mutum ɗaya ya ja baiti, jama'a su karɓa, ba a taɓa komai. Da za a tambaye ni, sai in ce gayan waƙa, kamar gayan tuwo.

Allah ya ƙara girma, Baba. Misalin Ishiriniya shi ne ainihin abin da nake nufi, kuma kalmar ta yi daɗin faɗa. Inda ban gamsu ba, gaya abin da ya rasa mahaɗi ne, ana cinsa don babu yadda za a yi. Wanda ya taɓa zama cikin zaure ana jan baiti, muryoyi sun cika wurin har ƙirji na amsawa, ya san babu abin da ya ragu. Saboda haka ne ma "waƙa ba kiɗa" ba ta kwanta mini ba, duk da cewa kowa zai gane ta nan take. Tana auna waƙar da abin da ba ta da shi.

Ni ga tawa: zallar murya. Zalla ba ta nuna rashi, tana nuna abin da ba a gauraya ba. Sai mu ce "sun rera ta da zallar murya", masu yi kuma 'yan zallar murya. Ta ɗauki makiyayin yankin Buɗana na Sudan da ke rera dobet, waƙar Larabawa makiyaya, shi kaɗai a bayan raƙumansa, ta kuma ɗauki jama'a. In ana son a fayyace taro ne, a ce zallar muryoyi.

Amsa daga Damazin: Yaya, to waƙar gaɗa fa? Muna yara da tafi muke yi a dandali.

Tambayarki ta fi sauran wuya, ƙanwata. Haka waƙar Haƙiba ta faro a Omdurman a shekarun 1920, mawaƙi da 'yan amshinsa, waɗanda ake kira shayyalin, da tafi, wani lokaci da ƙaramin duffi na hannu. A ganina tafi da buga ƙafa daga jiki suke fitowa, don haka gaɗa ta shiga. Da zarar an kifa ƙwarya an fara bugawa, an koma kiɗa.

Amsa daga Maiurno: Na yarda, ɗana. Ka ce wa yaran su gyara rubutun, su kuma turo mana mu ji.